Ragowar jinin masu awo da ke firiza, zan iya furojet da shi ba su sani ba?

Ɗalibar_Lab:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ma'aikatan lafiya da waɗanda suka taɓa yin bincike a asibiti ku taimaka min da shawara, abin nan kwana uku kenan yana cina a rai. Ina digiri na biyu ne a nan Kano ɓangaren gwaje-gwajen asibiti, furojet ɗina a kan ciwon hanta nau'in B ne tsakanin mata masu juna biyu, inaso in ga mata nawa ke ɗauke da shi cikin masu zuwa awo, da kuma ko yana da alaƙa da irin su ƙarin jini ko tsaga ko cire beli wajen wanzami. An ce in nemo samfur wajen 300, kuma kun dai san yanda kuɗin kayan gwaji ya koma yanzu, sannan wata huɗu kacal ya rage min.

To akwai ƙawata da ke aiki a lab ɗin wani asibiti, tace min ai duk ranar awo suna ɗibar jinin mata da yawa, in an gama gwajin da likita ya rubuta ragowar firiza ake sakawa na ɗan kwanaki daga nan a kwashe a ƙona. Tace in zo kawai ta dinga tsiyaya min, rajistar ma ta buɗe min in ɗauki hoto da waya, akwai suna da shekaru da unguwa da lambar waya da haihuwa ta nawa, kinga ba sai na bi mata ɗaya bayan ɗaya ina roƙo ba. Na tambayi wani da ya riga mu gamawa maganar takardar kwamitin ɗa'ar bincike, wacce muke cewa etikal, yace ke dai yi aikinki, takarda kafin difens, wato ranar kare furojet, a san yanda za a yi a samo ta, kowa haka yake.

Ni kuma zuciyata taƙi kwanciya. Yayata uwa ɗaya uba ɗaya a wannan asibitin take awo, jiya na zauna ina tunanin in na buɗe hoton rajistar naga sunanta, kuma gwajin ya nuna tana da shi, ya zanyi? In faɗa mata in ce a ina na samu jininta? In kuma nayi shiru ga ciki a jikinta. Ta wani ɓangaren kuma ina cewa ai jinin nan ƙona shi za a yi, ba wadda za a sake tsirawa allura, ba wadda zan cutar, hasali ma amfanin matan ake nema. Shin dole ne sai na nemi izinin kowace mace a kan abin da za a zubar? Kuma in na goge sunayen shikenan ba laifi? Wanda ya san ƙa'idar ya warware min dan Allah.

Anti_Mai_Gwaji:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekarata 19 ina aikin gwaji a lab, kuma na taɓa zama cikin irin kwamitin da kike magana, dan haka bari in miki dalla-dalla. Abu na farko kar ki karɓi ko ɗigo ɗaya, kar ki ɗauki hoton ko shafi ɗaya, har sai takardar kwamiti ta shigo hannunki. Ba wai ke kaɗai kike ceta ba har da ƙawar taki, dan in magana ta fito ita za a fara kira, lasisinta ne a kan layi.

Matar nan da ta miƙo hannu aka ɗaure mata aka ɗebi jini, ta miƙo ne dan a duba lafiyarta da ta abin da ke cikinta, iyakar abin da ta yarda da shi kenan. Ragowar da ke firiza ajiya ce a hannun asibiti, bata zama ta ma'aikaciyar lab ba balle ta yi kyauta da ita. In kika ba tela yadi ya miki ɗinki ƙyalle ya ragu, ko da kin san shara zai je, kya so ki ga ya ɗinka wa wata hula da shi har da sunanki a jiki? To jini ya wuce ƙyalle nesa ba kusa ba, dan yana ɗauke da labarin mutum da na iyayensa da na 'ya'yansa.

Kuma ba ra'ayina bane, a rubuce yake. Muna da kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, NHREC, ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta tarayya, shi ya fitar da kundin ƙa'idojin da ake aiki da shi tun 2007, sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta zo ta ƙara masa ƙarfi, ta ce ba a bincike a kan mutum mai rai sai an sanar da shi manufar abin da illar da ka iya biyo baya ya kuma amince a rubuce, ta kuma ce bayanan mara lafiya sirri ne. A ƙarƙashin NHREC ɗin ne ake da ƙananan kwamitoci, Asibitin Malam Aminu Kano yana da nasa, ma'aikatar lafiya ta jiha tana da nata, jami'o'i ma haka. In asibitin da zaki yi aikin na jiha ne to can zaki nufa, bayan haka kuma ki nemi izinin shugaban asibitin daban.

Yanzu tambayarki, dole ne sai an tambayi kowace mace? Ba ko yaushe ba. Akwai inda kwamiti kan duba ya ga samfurin tsoho ne, masu shi ba za a iya samo su ba, an kuma raba shi da duk abin da zai nuna na wane ne, haɗarin kaɗan ne, sai ya yafe neman izinin. Amma kwamiti ne ke yafewa, mai bincike baya yafe wa kansa, dan duk ɗalibin da lokaci ya ƙure masa gani zai yi nasa ya cancanta. Kuma naki ban ga ta inda zai shiga nan ba, matan nan duk sati suna zuwa suna zaune a kan benci tun bakwai na safe, ga su nan a gabanki, sannan ke da bakinki kince kina son sanin wa aka yi wa tsaga wa aka ƙara wa jini, wannan ai ba a rajista yake ba sai kin zauna da mace kin tambaye ta. Tunda dole ki zauna da ita me zai hana ki fara da neman yardarta?

Maganar goge suna kuma kashi biyu ce mutane ke haɗawa. Akwai a goge gaba ɗaya ta yanda ko ke baki isa ki gane kwalbar wace ce ba. Akwai kuma a ba kowace mace lamba, lambar ce a jikin kwalba da takardar tambayoyi, ita kuma takardar da ta haɗa lamba da suna tana kulle a wuri guda wajen mutum ɗaya. A aikinki na biyun nake ba ki shawara, kuma dalilin shi ne ainihin abin da ya hana ki barci game da yayarki. Ciwon hanta nau'in B uwa na iya sa wa jariri wajen haihuwa, kuma yaron da ya ɗauka a wannan lokacin mafi yawansu da shi suke girma, shi ne wanda kike gani da shekara talatin da wani abu ciki ya kumbura hanta ta lalace. Amma in aka yi wa jaririn allurar rigakafin cikin awa 24 da haihuwa ana kare shi sosai, uwar da ƙwayar ta mata yawa a jini kuma akwai maganin da ake fara ba ta daga sati 28 na cikin. Kinga kenan in kika gwada jinin mace a ɓoye kika ga tana da shi, kin riƙe labarin da zai iya ceton ɗanta kuma baki da ƙofar da zaki bi ki faɗa mata. In kuwa da yardarta kika ɗiba, tun a fom ɗin kin rubuta cewa duk wadda aka samu za a kira ta ita kaɗai a faɗa mata a haɗa ta da likita. Wannan shi kwamiti zai fara nema a takardarki kafin ma ya duba lissafinki.

Sai wanda yace miki takarda a samo daga baya. Kwamitin kirki baya amincewa da aikin da aka riga aka gama, ranar da ke jikin takardar dole ta riga ranar da kika ɗebi samfur na farko, kuma duk mujallar kimiyya mai mutunci sai ta nemi lambar takardar kafin ta buga miki.

Ɗan_Fagge:

Anti Allah ya saka da alheri. Ni ba ma'aikacin lafiya bane, ɗan kasuwa ne, amma da naga kalmar "a samo takarda daga baya" sai gabana ya faɗi, dan mu mutanen Kano bai kamata a ce sai an ba mu misali daga wata ƙasa ba, a ƙofar gidanmu aka yi.

Ƙanwata ƙila ba a haife ki ba a 1996. Shekarar sanƙarau ce, ina ɗan sakandare lokacin, zafi kamar me, ga ƙyanda ga kwalara duk a lokaci ɗaya, mutane dubbai suka rasu a Arewa. Asibitin Zana na cututtuka masu yaɗuwa nan kusa da mu ya cika har a ƙasa ake kwantar da yara, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna ciki suna ba da magani. A cikin wannan halin ne kamfanin Pfizer na Amurka ya turo tawagarsa suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara kusan 200, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 cikin waɗanda suka sha Trovan 6 cikin ɗaya ɓangaren, wasu suka tashi da kurumta wasu da shanyewar jiki. Kamfanin dai ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya yi wannan ɓarnar ba maganinsa ba, kuma wai ma'aikatan jinya sun yi wa iyayen bayani da baki sun yarda. Iyayen kuma suka ce su basu san gwaji ake ba, sun ɗauka magani ne irin na kowa. Babu takardun da iyaye suka sa wa hannu da za a ɗauko a raba gardama. Da jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen 2000, sai ga shi takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna ashe bayan an gama aikin aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. Kin ji inda "daga baya" take kaiwa.

Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, a 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, shi ma sai da aka musu gwajin DNA dan a tabbatar 'ya'yansu ne. Shekara 15 uwa tana jira.

Amma ni abin da yafi ci min rai abin da ya biyo baya ne. A 2003 da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, eh akwai siyasa akwai jita-jitar hana haihuwa, amma duk majalisar da ka zauna in ka ce maganin nan lafiya lau ne sai wani ya ce maka na Asibitin Zana ma ai haka aka ce, sai ka rasa ta cewa. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Sai tsakiyar 2004 aka dawo da rigakafin, kafin nan cutar ta bazu, a 2005 har ta kai ƙasashen da suka riga suka rabu da ita irin su Yemen da Indonesiya, mu kuma sai 2020 aka ce mun fita. Yaran da suka shanye a tsakanin nan ga su nan muna gani a kan titi.

Na san naki ba magani zaki ɗura wa kowa ba, ban haɗa ki da su ba wallahi. Abin da nake tsoro ranar da wata mata za ta ji a gidan suna cewa a asibiti kaza ana ba 'yan makaranta jinin masu ciki. Kafin la'asar maganar ta zama ana sayar da jini, kafin sati ta zama ana kai wa Turawa ko matsafa, maigida ya ce ba inda zaki ƙara zuwa awo. Da ƙyar fa aka samu matanmu suka fara yarda da haihuwa a asibiti.

Abba_Hotoro:

Ni dai gaskiya ina ganin an tsaurara. Duk abin da Anti ta faɗa daidai ne a takarda amma ku sauko ƙasa ku ga halin da ɗalibi ke ciki mana. Ni lokacin nawa na kai takarduna kwamiti na biya kuɗin fom daga aljihuna, kwafi kusan goma na buga, sai da na shafe sama da wata biyu ina sintiri, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya gobe a ce ba a zauna ba, ƙarshe gyaran da suka ban na rubutu ne kawai. Yarinyar nan wata huɗu gare ta, in ta ƙara zango sabon kuɗin makaranta ne, wa zai biya mata? Kamfani mai biliyoyi daban, ɗaliba mai neman na kayan gwaji daban. Sannan a Kano in ka miƙa wa mace takarda kace sa hannu tsorata take, tace sai na tambayi maigida, shikenan ba za ki ƙara ganinta ba, cikin goma da wuya ki samu huɗu. Ni a ganina ta karɓi jinin kawai ba suna ba komai, ta bar rajistar, wa aka cuta?

Mai_Kwamfuta:

Abba kukanka na jinkiri gaskiya ne kuma ya kamata kwamitocin su ji, amma bari in taɓa ɓangaren da nake aiki a kai wato bayanai, dan ni hoton rajistar nan ya fi tayar min da hankali a kan jinin ma.

Malama ki yi tunanin hanyar da hoton zai bi. Kin ɗauka da waya, wayar ta tura shi Google da kanta baki sani ba, kin tura wa kanki ta WhatsApp dan ki buɗe a laftof, kin kai wa mai buga takardu a bakin makaranta ya zuba miki a tebur ya bar kwafi a kwamfutarsa, kin ba wanda zai miki lissafi a filas, ƙaninki ya ɗauki wayar yana gem, ko Allah ya kiyaye a ƙwace ta a adaidaita sahu kamar yanda ake fama a garin nan. Shafi ɗaya na rajistar awo akwai suna da unguwa da lambar waya, kuma sau da yawa a gefe akwai sakamakon gwajin ƙanjamau. Wannan shafin ya isa ya kashe aure, ya isa ya sa a fasa neman 'yar gidan, ya isa ya ba kishiya abin gori har abada. Matar da ta faɗa wa nas sirrinta ta faɗa ne dan ta san ciki ba dan tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ta fuskar doka, tun watan Yunin 2023 muna da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da hukumarta NDPC, kafin ita akwai ƙa'idar da hukumar fasahar sadarwa ta NITDA ta fitar a 2019. Dokar ta ware bayanan lafiya da na ƙwayar halitta a cikin masu tsananin sirri, kuma ɗaya daga ginshiƙanta shi ne abin da aka karɓa dan wata manufa ba a karkatar da shi zuwa wata can daban haka kawai, sannan kar a kwashi fiye da abin da ake buƙata. Akwai sassauci ga binciken kimiyya amma da sharuɗɗan kariya, ba ƙawa ta buɗe wa ƙawa rajista ba. Ko sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa.

Sai masu cewa a goge suna shikenan. Wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta nuna cewa da ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya kaɗai za a iya ware kusan kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ɗaya-ɗaya, har ta zaƙulo bayanan asibitin gwamnan jihar Massachusetts daga cikin bayanan da aka ce an goge wa suna. Mu namu ma ba sai an sha wannan wahalar ba. Ki rubuta shekara 41, haihuwa ta 11, tagwaye sau biyu, unguwa kaza, wallahi duk matar layin ta san wace ce. Shi yasa ake haɗe shekaru rukuni-rukuni, a sa ƙaramar hukuma maimakon unguwa, lambar waya kuwa kar ta shiga teburin lissafi sam.

Abba kace jini ba suna wa aka cuta. Akwai wata ƙaramar ƙabila a jihar Arizona, Havasupai, wajen 1990 masu bincike na jami'ar jihar suka ɗebi jininsu a kan za a duba ciwon suga da ya addabe su. Daga baya suka gano an yi amfani da jinin wajen binciken taɓin hankali da auren dangi da kuma asalin inda kakanninsu suka fito, abin da ya ci karo da tarihin da suka gada. Ba a buga sunan mutum ko ɗaya ba amma an buga sunan ƙabilar. Sai a 2010 jami'ar ta biya dala 700,000 ta mayar musu da ragowar jininsu. Ka kwatanta a nan, a buga cewa matan unguwa kaza ko ƙauye kaza sun fi kowa ciwon hanta, ka san abin da zai faru da 'yan matansu in an zo bincike kafin aure. Dan haka Malama ki rubuta ƙarara a fom ɗin me za a gwada, ina za a ajiye ragowar, har yaushe, kuma za a ƙona ne ko za a adana. In wata rana wani yace zai kai samfurin wani lab a waje, wannan sai da yarjejeniya a rubuce da sanin kwamiti.

Anti_Mai_Gwaji:

Abba ɗana na ji ka, kuma ban kare jinkiri ba, na zauna a ciki na san wani lokacin laifinmu ne. Amma rabin takardun da ke daɗewa dawo da su ake dan ba fom ɗin neman yarda da Hausa, ko ba a faɗi me za a yi wa wadda aka samu da cutar ba. In ta haɗa komai tun farko, da shaidar kwas ɗin ɗa'ar bincike, akwai TRREE a intanet kyauta ne, irin nata mai ƙaramin haɗari ba lallai ya jira babban zama ba.

Maganar mata na tsoron takarda kuma ya danganta da yanda aka tunkare su. In kika tsaya da farar riga kina karanto Turanci dole su tsorata. Ki je ta hannun matron, shugabar nas-nas, bayan an gama jawabin safe da ake musu a ba ki minti biyar, ki faɗa da Hausar gida, ni ɗaliba ce ga abin da nake nema, gwajin kyauta ne za a ba ki sakamakonki ke kaɗai, wadda bata so ba abin da zai ragu a awonta. Wannan ta ƙarshen ki maimaita ta sau biyu, dan da yawa gani suke in sun ƙi nas za ta juya musu baya. Wadda bata karatu a karanta mata gaban shaida wanda ba ɗan tawagarki ba, ta dangwala yatsa shaidan ya sa hannu. Wadda tace sai ta shawarci maigida ki ba ta kwafi ta tafi da shi, hakkinta ne kuma al'adarmu ce, in ta dawo alhamdulillahi. Sai dai yardar miji bata maye gurbin tata, in ya yarda ita bata so to an gama magana, sakamakon kuma ita za a ba, ita za ta zaɓi yanda za ta faɗa masa, in tana so a taya ta. Akwai kuma amaren da basu kai 18 ba da za ki gani a layin awo, kar ki yanke hukunci da kanki a kansu, ki rubuta a takardarki ki bar kwamiti ya faɗa miki yanda za ki yi. A abin da na gani da idona matan Kano in sun ji gwajin hanta kyauta kuma an girmama su, layi suke yi har ki rasa kayan aiki.

Ɗalibar_Lab:

Na gode ƙwarai Anti, Yaya Ɗan_Fagge, Yaya Abba da Mai_Kwamfuta, Allah ya bar zumunci. Na kira ƙawata ɗazu nace mata a bar maganar firiza da rajista, ita ma tace dama a tsorace take kunyata ce ta sa ta yi tayin. Na samu malamin da ke duba aikina yau bayan azahar na faɗa masa komai, yace in rage samfurin zuwa abin da lissafi ya ba da ba sai 300 ba, zai rubuta min wasiƙar rakiya gobe, ranar Litinin in sha Allah zan kai takarduna ma'aikata. Kwas ɗin na fara shi a waya yanzu haka. Yayata kuma na mata magana kai tsaye nace ta nemi a mata gwajin hanta a awonta na gaba, tace dama ba a taɓa ce mata ta yi ba, cikinta wata biyar.

Anti saura abu ɗaya, na fara rubuta fom ɗin da Hausa na maƙale a wajen da zan bayyana cewa mace na iya janyewa ko bayan an ɗebi jinin. Na rubuta "kina da damar ki ce kin fasa a kowane lokaci, za a ƙona jininki a cire bayananki, kuma ba abin da zai canza a kulawar da ake miki", amma in na riga na gama lissafi na haɗa littafin fa, ta yaya zan cire nata? In sa iyakar rana ne a ciki? Sannan wasu matan boko ne basu yi ba amma suna karanta ajami sarai, kwamiti zai karɓa in na haɗa kwafin ajami a ciki?